HD 600, DT 770 Pro ko Sundara: wanne ne kunne zai iya jurewa awa huɗu?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar dandali. Shawara nake nema a kan hedfon guda uku: Sennheiser HD 600, Beyerdynamic DT 770 Pro mai om 80 (om shi ne ma'aunin turjiyar wuta), da Hifiman Sundara. Abin da za a riƙa saurara shi ne ƙira'a, karatuttuka, da kiɗan gargajiya irin su gurmi, kalangu da goge. Zaman yakan kai awa uku zuwa huɗu, a ɗaki mai fanka, babu na'urar sanyaya ɗaki. Waya da kwamfuta ne za su tura shi. Wanne ya fi dacewa, kuma dole ne sai da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti?

Injiniya: Wa alaikumus salam. In murya ce gaba a wurinka, HD 600 ne. Tun 1997 yake kasuwa, kuma har yau da shi ake gwada sauran a sautin tsakiya, wato inda muryar mutum take zaune. Murya ba ta yin kauri fiye da yadda take, ba ta kuma yin hanci. Rauninsa biyu ne sanannu. Bes, wato sauti mai kauri, na can ƙasa, daga Hz 60 zuwa ƙasa (Hz ma'aunin kaurin sauti ko sirantarsa ne, ƙaramar lamba ita ce mai kauri), yana raguwa sosai, don haka babbar ganga ba za ta girgiza maka kai ba. Sannan filin sautinsa matsattse ne, za ka ji makaɗan kusa da kai, dama, hagu da tsakiya, ba kamar a buɗaɗɗen fili ba. Ga gurmi da goge wannan ba matsala ba ce ko kaɗan.

Ɗan Situdiyo: Injiniya, ka tsallake kalma ɗaya a tambayarsa: fanka. HD 600 da Sundara duk buɗaɗɗun baya ne, raga ce kawai tsakanin lasifikar ciki da ɗakin. Duk abin da ke ɗakin zai shiga, ƙugin fanka, janareton maƙwabta, hirar tsakar gida. Kuma ƙugin fanka da na janareto ƙasa-ƙasa suke, daidai wurin da HD 600 ɗin yake da rauni, sai su danne ɗan bes ɗin da yake da shi. Me zai biyo baya? Mutum ya ƙara murya don ya rufe hayaniyar. Shi ya sa nake ganin DT 770, mai rufaffen baya, ya fi dacewa da ɗakin da aka kwatanta.

Injiniya: Gaskiyarka a kan hayaniya, ban musa ba. Amma rufaffen baya a ɗaki mai zafi awa huɗu? Kofin yana tare iska, kunne ya jiƙe da gumi kafin a yi awa ɗaya.

Ɗan Situdiyo: Ya danganta da soson kofin, wanda ke zagaye kunne. DT 770 mai om 80 da mai om 250 da soson karammiski suke zuwa, mai om 32 ne yake zuwa da na fatar roba. Karammiski yana shan gumi, ba ya manne wa fata. Zai yi ɗumi fiye da buɗaɗɗe, babu shakka, amma ba kamar ATH-M50x ko MDR-7506 ba, waɗanda fatar roba ce ke rufe da sosonsu.

Mai Gyaran Rediyo: 'Ya'yana, ku dakata a kan maganar soson nan, domin a nan rabin amsar take, kuma ita aka fi rainawa. Mutane suna ɗaukar soso abin jin daɗin sawa ne kawai. A'a, wani ɓangare ne na sautin kansa. Abu uku yake yi. Shi ke tsayar da nisan lasifikar daga ramin kunne. Shi ke tsayar da yawan iskar da ke kulle tsakanin kofi da kai. Shi ne kuma ke yanke hukuncin ko iskar nan za ta tsere ko za ta tsaya. In ɗaya cikin ukun ya sauya, sauti ya sauya.

Ku ɗauki HD 600 ɗin da ake magana. Sabon sosonsa tsayayye ne, har yana da ɗan tauri. Bayan shekara ɗaya ko biyu na sawa kullum sai ya kwanta, lasifikar ta matso kusa da kunne, siririn sautin sama ya dushe, sautin ya yi duhu. Mai shi ba zai lura ba domin a hankali abin yake faruwa. Sai ka ga mutum biyu suna gardama a kan hedfon iri ɗaya, wannan ya ce yana da haske, wancan ya ce a rufe yake kamar an lulluɓa masa bargo, alhali dukkansu gaskiya suke faɗa, shekarun soson ne suka bambanta. Alamar da za ka gane lokaci ya yi: in ka sa shi ka ji gefen kunnenka yana taɓa siririn soson da ke rufe da lasifikar, to a sauya.

Fatar roba kuwa zafi da gumi ne ajalinta. Tana fara tsagewa a wajen ɗinki, daga nan ta riƙa ɓarewa, ka cire hedfon ka tarar da baƙaƙen ɓarɓashi a kumatu da wuyan riga. In ta fara, ba ta da magani sai sauyi.

Maman Hanifa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Tambaya a kan wannan: in soson asali ya yi tsada ko ya yi wuyar samu, me zai hana a sa na wani kamfani mai kauri, na fata, tunda an ce ya fi laushi?

Mai Gyaran Rediyo: Amin 'yata. Zai shiga, zai kuma yi laushi, amma hedfon ɗin da kika sani ya tafi. In aka ɗora wa HD 600 soson fata mai toshe iska, bes na wajen Hz 100 zuwa 200 yakan kumbura ya hau kan murya, kaurin kuma ya nisanta lasifikar, muryar ta ja baya. An gina shi ne a kan karammiski mai barin iska ta ɗan fita. Haka abin yake ta ɗaya gefen: M50x da aka cire masa fatar roba aka sa karammiski don gudun zafi, bes ɗinsa yakan zube, sautin sama ya fito tsirara. Ga HD 600 dai shawarata a nemi na asali ko da za a jira.

Abban Sadiq: Na gode Baba. To maganar amfilifaya fa? An ce HD 600 mai om 300 ne, waya ba za ta iya ba.

Injiniya: Yawan om shi kaɗai ba ya ba da amsa, sai an haɗa da yawan ƙarar da hedfon ke bayarwa a kan wutar da aka ba shi. Lissafin ba shi da wuya. Ƙarfi shi ne bolt sau bolt, a raba da om. Bolt 1 a kan om 300 yana ba da miliwat 3.3 kacal, a kan om 32 kuwa miliwat 31. HD 600 yana ba da wajen dB 102 zuwa 105 a bolt ɗaya (dB ma'aunin ƙarfin ƙara ne). Ba wanda zai zauna yana sauraro a wannan ƙarar, amma ana son a bar sarari saboda bugun ganga da ke tashi farat ɗaya, shi ya sa ake auna wa da dB 110. Don kai wa nan yana son bolt 1.8 zuwa 2.5.

Ɗan ƙaramin mahaɗin USB-C na Apple, wanda ake sayarwa a Amurka, bolt 1 yake fitarwa. Na Turai rabin bolt ne, wato ƙararsa ta ragu da dB 6. Na Amurkan zai wadatar ga ƙira'a da yawancin kiɗa, na Turan zai gaza a rikodin da aka ɗauka da ƙaramar murya. A wasu wayoyin Android ma ba ya buɗe ƙarfinsa duka. Mafi sauƙi a nemi mahaɗin da aka rubuta yana kai bolt 2, ya isa.

Sundara labarinsa daban. Om ɗinsa kaɗan ne, talatin da wani abu, amma dB 94 yake bayarwa a miliwat ɗaya. Don ya kai 110 yana son wajen miliwat 40, bolt 1.2 ke nan, amma yana jan kusan miliamfiya 33, ninki huɗu na abin da HD 600 zai ja. Shi bolt ɗin ba shi ne damuwarsa ba, kwararar wutar ce. Ƙaramin mahaɗi in ya gaza a nan sai ka ji bugun ganga yana fashewa.

Ɗan Situdiyo: A ƙara da turjiyar mafitar na'urar. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na om ɗin hedfon. Mai om 32 yana son ƙasa da om 4, mai om 80 ƙasa da 10. Tsofaffin rediyoyi da wasu mikisa suna da mafita mai om 100 ko fiye. HD 600 om ɗinsa ba tsayayye ba ne, a wajen Hz 100 yana haura 500, don haka in ka jona shi a mafita mai om 120 wannan wurin zai tashi da dB ɗaya da ɗan abu. Wasu ma suna son ɗumin da hakan ke kawowa. Sundara bai damu ba, om ɗinsa a miƙe yake daga ƙasa har sama, ƙara kawai zai rasa.

Kawu Bala: Ni ina bayan Sundara, kuma ga dalili. Lasifikarsa ba koyil ba ce manne da mazubi kamar sauran biyun. Tantani ne siriri mai faɗi, an shimfiɗa masa layukan waya, maganaɗisu na tura shi gaba ɗaya. Amfanin wannan a kalangu ake ji. Lokacin da makaɗi ya matse tsirkiya sautin ya hau, ya saki ya sauko, kowane bugu yana fita daban, ba ya cakuɗewa da na bayansa. Bes ɗinsa ma ya fi na HD 600 sauka ƙasa, filinsa ya fi faɗi. Muryarsa dai ba ta kai ta HD 600 kusanci da jiki ba, wannan na yarda.

Maman Hanifa: Kawu, nauyin fa? Sundara gram 372 ne, HD 600 260, DT 770 270. A awa huɗu gram ɗari ba wasa ba ne ga wuya.

Kawu Bala: Haka ne, amma a duba yadda aka raba nauyin. Sundara yana da faffaɗan maɗauri da ke rataye ƙarƙashin bakan ƙarfen, yana kwanciya a kan kai gaba ɗaya, babu wuri guda da ke ɗaukar kaya. Abin da ke sa tsakar kai ciwo shi ne siririn baka mai taɓa wuri ɗaya, ko da hedfon ɗin ba shi da nauyi. Inda nauyi ke zama matsala ta gaske shi ne irin su Audeze LCD-X da ya haura gram 600. Aibin Sundara a wajen sawa wani ne daban: kofunansa ba sa juyawa gaba da baya sosai. Wanda muƙamuƙinsa ya tsuke, sai a sami 'yar kafa a bayan kunne ta ƙasa.

Mai Gyaran Rediyo: Kafar nan ita ce abin da nake so Abban Sadiq ya kula da shi in ya karkata ga DT 770. Rufaffen hedfon bes ɗinsa ya dogara ne da iskar da aka kulle. Ƙafar tabarau mai kauri, gefen hula da ya sauko kan kunne, ɗankwali ko hijabi da ya shiga ƙarƙashin soso, gashi mai yawa, kowanne yana buɗe hanya, bes na ƙasa ya zube da dB da yawa. Gwajin ba ya buƙatar kayan aiki. Kunna abu mai bes, ka danna kofunan a hankali da tafin hannu. In bes ya ƙaru sosai, akwai kafa. Sai ka ɗaga ƙafar tabaran ta hau saman soson, ko ka tura hular baya. HD 600 bai cika damuwa da wannan ba, tunda dama a buɗe aka gina shi. Amma wannan gwajin kada a yi shi da ƙarfi a kan mai tantani irin Sundara, iskar da aka matse tana tura tantanin har ka ji yana ƙaras-ƙaras.

Abban Sadiq: Ana yawan cewa HD 600 yana matse kai. Gaskiya ne?

Injiniya: Sabo yana matsewa ƙwarai, musamman a gaban kunne wajen mahaɗar muƙamuƙi. Yana saki da kansa a hankali, amma in ba za a iya jira ba ga yadda ake yi. A zaro ƙarfen da ke tsawaita kowane gefe har ƙarshe. A riƙe ƙarfen da hannu biyu, babban yatsa a tsakiya, a lanƙwasa shi waje kaɗan, a riƙe daƙiƙa goma, a yi wa ɗaya gefen daidai haka, sannan a gwada. A maimaita kaɗan-kaɗan. Abin da ba a yi shi ne kama kofuna biyu a buɗe su da ƙarfi, domin saman bakan roba ne, yana tsagewa a tsakiya. Masu ɗora shi a kan jerin littattafai ya kwana, su cire soson tukuna, in ba haka ba soson ne zai kwanta tun bai yi aiki ba. Kada kuma a sassauta fiye da kima, in ya yi sako-sako nauyin duka sai ya koma tsakar kai.

Maman Hanifa: Akwai abin da ba a faɗa ba game da DT 770, kuma ya shafi mai sauraron ƙira'a kai tsaye. Yana da tsini a wajen kHz 8 (Hz 8,000), wato sautin wurin ya fi sauran tashi. Haruffan shewa, sin, shin, sad, da tsa ɗinmu na Hausa, duk a yankin nan suke da kaifi. A rikodin masallaci da aka ɗauka da makirfo kusa da baki, kowane sin sai ya soki kunne. Minti goma za ka ce tsabta ce, awa biyu kuwa gajiya ce. Jin daɗin sawa ba a soso da baka kaɗai yake ba.

Ɗan Situdiyo: Wannan gaskiya ne Hajiya, amma yana gyaruwa da ikwalaiza kyauta, wato manhajar ɗaga ko rage wani yanki na sauti. A kwamfuta mai Windows akwai Equalizer APO, a Android akwai Wavelet. Kada a kwafi lambar wani ido rufe, domin wurin tsinin yana ɗan gusawa daga kai zuwa kai. A kunna sauti guda mai hawa a hankali daga kHz 5 zuwa 10, da ƙaramar murya, a lura da inda ya fi tsawa. A nan za a rage dB 4 zuwa 5, Q, wato lambar faɗin yankin da za a rage, wajen 3. A saurara kwana biyu kafin a sake taɓawa, don da farko zai yi kamar ya dushe.

Shi ma HD 600 ana cike masa bes haka: a ɗaga duk abin da ke ƙasa da Hz 105 da dB 4 ko 5. Sharaɗi ɗaya, duk abin da ka ɗaga, ka rage babbar muryar shiga da daidai wannan adadin, in ba haka ba sautin zai fashe tun kafin ya bar kwamfuta. Rage dB 5 kuma yana nufin amfilifaya zai yi aiki ninki uku, a nan ne mahaɗi mai bolt 1 zai fara gazawa. Kada a wuce dB 6, ƙaramar lasifikarsa tana fara gurɓata sauti in an tilasta mata a can ƙasa.

Kawu Bala: Ban yarda ikwalaiza tana mayar da kowane hedfon daidai da kowane ba. Binciken da Sean Olive da abokan aikinsa suka yi a kamfanin kayan sauti na Harman, wanda ya fitar da ma'aunin sautin hedfon na 2013 da gyararrakinsa har na 2018, ya nuna abin da yawancin masu sauraro suka fi so, kuma ko a cikinsa mutane sun bambanta a yawan bes. Sama da kHz 8 kuwa abin da injin awo ya gani ba lallai ne ya zama abin da kunnenka ke ji ba.

Ɗan Situdiyo: Ban ce tana mayar da su ɗaya ba Kawu. Na ce tana cire ƙaya guda. Ba za ta buɗe rufaffen kofi ba, ba za ta kuma hana fanka shiga buɗaɗɗe ba.

Abban Sadiq: Wayar haɗi mai tsada, da barin sabon hedfon yana kiɗa awa ɗari kafin a fara saurara, suna da amfani?

Injiniya: Kuɗin wayar a ajiye su don soso na biyu. Abin da ke sauyawa a makonnin farko soso ne da ke bin siffar kanka, da kunnenka da ke sabawa. Gargaɗi ɗaya kan waya: mafita mai milimita 4.4 tana ba da kusan ninki biyu na bolt, amma sai hedfon mai waya daban ga kowane kofi, kamar HD 600 da Sundara. DT 770 Pro wayarsa a manne take, kuma gefe biyun suna tarayya a layin dawowa guda. In aka sa masa mahaɗi aka cusa a 4.4, an haɗe mafita biyu na amfilifaya, yana iya ƙonewa.

Mai Gyaran Rediyo: Sai kulawa, tunda ƙasarmu ta ƙura ce. Lokacin hunturu kada a bar buɗaɗɗen hedfon a rataye a fili, a sa shi a akwati ko a rufa masa kyalle. Da damina kuma kada a kulle shi yana da danshin gumi, a bari ya sha iska tukuna. Karammiski in ya fara nuna farin layin gishiri a gefe, a cire shi, a wanke da ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun ruwa, a matsa a cikin tawul ba tare da murɗawa ba, a shanya a inuwa kwana ɗaya ko biyu har cikinsa ya bushe. Rana tana cinye soson ciki.

In DT 770 ya fara zizara a gefe ɗaya duk lokacin da bes ya buga, kamar ƙuda ya shiga kofin, yawanci ba lalacewa ya yi ba. Silin gashi ne ya ratsa ya kwanta a kan tantanin. A cire soso, a ɓalle zoben robar da ke riƙe da siririn soson ciki, a haska fitila a karkace, a zare gashin da hantsaki. Hannu ya tsaya sosai, maganaɗisun yana fizgar ƙarfe, in bakin hantsakin ya faɗa kan tantanin ya lotsa shi. HD 600 kuma in gefe ɗaya yana ɗaukewa, a fara da zare filogin kofin a mayar. Ƙafafunsa biyu ba kaurinsu ɗaya ba, harafin L ko R yana kallon waje, in aka juya aka tura da ƙarfi ana buɗa 'yan sifirin da ke ciki.

Maman Hanifa: Tunda awa huɗu ake magana, a riƙe wannan lissafin. Ma'aunin hukumar NIOSH ta Amurka shi ne dB 85 na awa 8, kuma duk ƙarin dB 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi tsanantawa ga masu sauraro da hedfon, dB 80 na awa 40 a mako. Hedfon mai kyau ba ya fashewa in an ƙure shi, don haka ba ya yi maka gargaɗi. A saita murya lokacin da ɗaki yake shiru, in fanka ko janareto ya tashi kada a ƙara. In an cire an ji kunne yana ƙara ko ya toshe, an wuce gona da iri.

Abban Sadiq: Allah ya saka da alheri. Abin da na fahimta, in ɗakin zai yi shiru HD 600 da mahaɗi mai bolt 2, in hayaniya ta yi yawa DT 770 da rage kHz 8. Zan auna ƙarar ɗakin da fanka a kunne kafin in yanke.

Ɗan Situdiyo: Ka auna a daidai inda kanka yake zama, ba a bakin ƙofa ba, kuma a lokacin da ka saba sauraro. Manhajar waya ba ta da cikakken daidaito, amma za ta nuna maka bambancin fanka a lamba ɗaya da lamba uku. In iskar tana bugun kofin kai tsaye, gusar da kujera taku biyu ka sake aunawa.

Mai Gyaran Rediyo: In na hannu za ka saya, ka tambayi shekarun soson, ka sa kuɗin sabo a cikin cinikin. Ka kunna murya guda wadda ba sitiriyo ba, ka rufe ido, ta tsaya a tsakiyar goshi. In ta karkata gefe, juya hedfon ɗin dama ta koma hagu. In karkatar ta bi kofin, lasifikar ce ko soson gefen ya fi kwanciya. In ta tsaya a kunne ɗaya, to kunnen ne za a je a duba.